Dizal Mai Ƙamshin Awara

Malam Zadok maƙwabcina ne a Jambutu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba ta kai kafaɗa ba, don haka abin da yake yi a tsakar gidansa ba sai an ba ni labari ba. Ni Ɗanburam, keke Napep nake ja a cikin Jimeta, kuma duk ranar da tsohuwar Starlet ɗinsa ta ƙi tashi, ni ne motarsa.

Sana'arsa dafa dizal. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, amma gaskiya ce. Yakan zaga wajen masu suyar awara da ƙosai da kifi ya karɓi tsohon man da suka gama da shi. Ya tace a ƙyalle, ya ɗora a wuta ruwan ciki ya fita. Sannan ya narka soda, irin ta masu sabulu, a cikin wani farin ruwa mai suna metanol, ya juye a kan man, ya sa injin tsohuwar fanka ya yi ta juyawa. Idan abin ya kwanta, baƙin yakan sauka ƙasa, matarsa Liyatu ta yi sabulun wanke-wanke da shi. Na saman, mai launin shayi ba madara, shi ne dizal ɗin. Injin dizal yana sha lafiya lau, sai dai hayaƙinsa ƙamshin awara yake, har mai wucewa ya waiga neman mai suya.

Asalinsa mutumin wajen Numan ne, amma a Mubi ya yi koyarwa, malamin kimiyya a wata sakandare. Ranar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, a shekarar 2014, ya zuba Liyatu da 'yarsu Debbie da katifa ɗaya a Starlet ya bi ayarin masu gudu. Hong, Gombi, Song, duk babu gidan man da yake buɗe. Sun wuce Girei kenan, kusa da mararrabar Damare, fetur ya ƙare. A nan wani dattijon Bafulatani da yake dawowa daga gona ya tsaya, ya sauke jarka daga bayan motarsa ya zuba musu, ba tare da ya tambayi ko su wane ne ba. Da ya ga yamma ta yi, ga sojoji sun tsare gadar Binuwai suna binciken baƙi, sai ya ce su biyo shi cikin Yola su kwana. Kwana ɗaya aka ce, damina biyu suka yi a gidan. Sunan dattijon Nu'uman, kowa Baffa yake ce masa.

Baffa Nu'uman yana noman rani a Damare, shinkafa, a bakin Binuwai, da wani tsohon injin ban-ruwa mai shan dizal. To da Malam Zadok ya samu wuri a Jambutu ya fara harhaɗa durorinsa, dahuwar farko da ta yi kyau ba ta kwana a gidansa ba. Ya kai ta Yola, ya dire jarkokin a zauren Baffa a gaban baƙi, ya ce, "Baffa, muddin ina numfashi, injinka ba zai sake shan na gidan mai ba."

Baffa ya ce, "Madalla, Malam."

Magana zarar bunu ce. Daga ranar, duk rani, jarkoki suna tafiya Yola cike, suna dawowa babu komai. Malam Zadok ba ya karɓar ko kwabo. Baffa bai taɓa cewa ya gode ba, sai dai in an yi girbi a ga buhun shinkafa a ƙofar gidan Jambutu, ba saƙo, ba sallama. Kuma kullum a zaure ake sauke man, ba a gona ba, domin a wajen Baffa baƙo a gida ake tarbarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo shayi.

A shekarun farko wahalar metanol ta sojoji ce. Daga Anacha ake kawo shi, kuma a lokacin duk wanda aka gani da duro mai warin sinadari sai ya yi bayani a kowane shinge. Malam Zadok ya saba, malami ne, bayani ba ya gajiyar da shi. Akwai ranar da ya tsaya a bakin gada yana koya wa wani kofur yadda mai yake rabuwa da baƙin ƙasa, har kofur ɗin ya roƙe shi ya wuce. Wannan ta wuce, aka samu sauƙi, masu injin niƙa a kasuwa suka san shi, gidan ya tsaya da ƙafarsa.

Da dizal na gidan mai ya yi tashin gwauron zabi, Malam Zadok murna ya yi, ya ce lokacinsa ne ya zo. Na tuna har ya sayo fenti shuɗi ya rinƙa yi wa jarkokinsa alama a wuya, irin na manyan kamfanoni. Bai yi tunanin cewa abin da ya taɓa gidan mai zai taɓa kaskon suya ba.

Aminat ce ta fara nuna masa. Ita ce babbar mai awara a bakin tashar Jambutu, tun farko ita take tara masa mai ta hana kowa. Ranar ina tare da shi, ya miƙa galan kamar kullum, ta kalli galan ɗin ta ci gaba da juya awararta.

Ta ce, "Malam, da zubarwa muke, ka zo ka roƙa muka ba ka. Yanzu ka san nawa kwalbar mai? Man da kake cewa ya mutu, a wajena bai mutu ba. Sai ya koma kamar baƙin man mota sannan nake sakinsa. Shi ma masu abincin kaji suna zuwa da kuɗi a hannu."

Ya ce, "Adda Aminat, wannan man ba shi da kyau ga cikin mutane."

Ta ce, "Yunwa ma ba ta da kyau ga cikin mutane."

Ya saya, da kuɗi, abin da a da yake karɓa kyauta. Kuma man da ya ƙone haka ya fi cin soda, ya fi cin metanol. Shi kuwa metanol da dala ake shigo da shi, duk zuwan da dillalin zai yi da sabon farashi yake zuwa, har Malam Zadok ya daina tambaya a tsaye, sai ya nemi wuri ya zauna tukuna.

Sai ya fara rage awon metanol. Ya rage kaɗan, ya ga man ya rabu kamar yadda ya saba. Ya ƙara ragewa, nan ma a ido babu laifi. Ta kan katanga na ce masa, "Malam, miyar nan ba ta yi kauri ba?" Ya ɗaga kwalba ya haska a rana ya ce zafin Yola zai tsinka ta. Wannan dahuwar ya raba biyu, rabi kasuwa, rabi Yola.

Ba a yi sati biyu ba sai ga Absalom mai injin niƙa, hannu duk baƙi, yana buga ƙofa.

Ya ce, "Oga Tica, dis one na dizal abi na kunu? Nozul ɗina ya toshe, filta ya toshe, mata sun kwashe masara sun tafi wajen wani. Ka zo ka gani da idonka."

Duk layin an ji. Absalom ya faɗi abin da yake cikinsa, aka biya masa kuɗin gyara, ya tafi, bai sake dawowa ba. Sauran masu niƙa ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Amma ba su ne a ran Malam Zadok ba. Ko riga bai gama ɓallewa ba ya ce in kai shi Yola, don ranar ma Starlet ta ƙi tashi.

Muka samu Baffa a zaure. Aka yi gaisuwa irin tasu, wadda ba ta ƙarewa: gida, iyali, zafi, Debbie da karatu, Liyatu da ƙafarta. Malam Zadok yana amsawa yana murza hula. Sai da shayi ya zo sannan ya samu ƙofa.

Ya ce, "Baffa, injin fa? Yana lafiya?"

Baffa ya ce, "Jam, Malam. Lafiya lau."

"Bai yi tari ba? Bai tsaya ba?"

"Tsoho ai ba ya rasa tari. Sha shayinka kada ya huce."

Na daɗe a garin nan, na san Fulanin Yola. In ka ajiye ƙaya a hanya Bafulatani ya taka, kai kuma baƙonsa ne, zai ce maka dama yana son ya tsaya ya huta. Su suna kiranta pulaaku, ni ina kiranta wahalar da kai. Malam Zadok ya ci tuwon gidan damina biyu, ya kamata ya fi ni sanin haka. Amma mai neman a ce masa lafiya, in an ce masa lafiya ba ya ƙara tambaya. Ya fito yana ta gode wa Allah, ya ce injin Baffa irin na da ne, ko kunun gaske aka zuba masa zai sha.

Duk da haka ya ji tsoro. Ya koma cikakken awo, kuma tunda masu saye sun watse, sai ya zamana Baffa kaɗai yake dafa wa. Ya koma koyar da yara lesin da yamma, abin da ya samu ya raba tsakanin tukunyar Liyatu da duron mai. Girbin shekarar buhu ya zo kamar kullum. Liyatu ta ce shinkafar bana ta fi tsabta, ko tsakuwa babu, kamar ta kanti. Da rani ya zagayo kuma, jarkokin da suke dawowa daga Yola sababbi ne fil, ba shuɗin fenti, ba warin mai. Mai kawowa ya ce Baffa ya ce tsofaffin sun tsufa. Liyatu ta ɗauki biyu ta mayar na ruwan sha, Malam Zadok ya yi wa sauran fenti yana yabon karamcin Baffa.

A tsakiyar wannan ranin ne dillalin metanol ya ce ya daina sayar da galan-galan. Duro guda, kuɗi a gaba, in ba haka ba a haƙura. A lokacin man da aka kai Yola na ƙarshe ya isa ya ƙare, kuma shinkafa ta kai lokacin ɗaukar ciki, lokacin da in ta rasa ruwa 'yan kwanaki, sai dai a yanke a ba shanu. Malam Zadok ya daina barci sosai. Da safe in na fito wanke keke sai in gan shi tsaye a gaban durorinsa babu abin da yake yi.

Na ji su da Liyatu ta kan katanga.

Ta ce, "Ka je ka gaya masa ba ka iyawa bana. Mutumin nan ba yaro ba ne, ya san yadda ƙasar take."

Ya ce, "Da wane baki? Ranar da ya zuba mana fetur, ya ce bari ya duba ko zai iya?"

Ta ce, "To me za ka sayar? Ni ko Debbie?"

Starlet ya sayar. Wani mai gyaran mota daga Shinko ya zo ya zaga ta, ya buga taya da ƙafa, ya raina ta yadda masu saye suke yi. Abin haushi, ranar bugu ɗaya ta tashi. Liyatu ta tsaya a ƙofa har motar ta karya kwana, sannan ta shiga ɗaki ta rufe. Motar ce kaɗai abin da suka fito da shi daga Mubi da ya rage, katifar ta daɗe da mutuwa.

Duro ya iso. Na zaga da Malam Zadok gari muka tsinto mai a wajen Aminat da wasu otal biyu, da tsada. Ya yi dahuwar da ban taɓa ganin ya yi irinta ba. Ya wanke man da ruwa ya sake wankewa, ya shanya har ana karanta rubutu ta cikin kwalbar. Muka loda a kekena muka nufi Yola da hantsi.

Baffa ba ya gida. Matarsa, Dada Yelwa, ta yi magana daga bayan labule, ta ce tun asuba ya tafi Damare, mu ajiye a zaure kamar kullum.

Malam Zadok ya ce, "Dada, na riga na makara. Shinkafa ya yi ciki, ba zai jira gobe ba. Bari mu kai gona."

Ta ce, "Ku ajiye a nan, Malam. Za a kai."

Ya ce ai ga keke, ba wahala. Ta sake cewa mu ajiye, a hankali, sau na uku. Ni na ji yadda ta faɗa. Shi ya riga ya koma cikin keke.

Muka dawo Jimeta, muka haye gada, muka sauka hanyar Damare. Zafin watan Maris ne, kujerar keke tana ƙona cinya. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar gonaki, Malam Zadok ya leƙo da kai waje yana saurare. Injin Baffa daga nesa ake jin bugunsa, kuma in iska ta juyo, ƙamshin awara yakan riga sautin isowa. Ranar babu bugu, babu ƙamshi, sai kukan tsuntsaye.

Ya ce, "Shi ke nan. Na kashe masa shinkafa."

Muka karya kwanar ƙarshe. Shinkafa kore shar, ta ɗau ciki, ruwa yana gudu a cikin kwalbatin ƙasa ba hayaniya. A gefen gonar ga farantan sola a jere a kan ƙarafa suna kallon rana, waya ta bi ta ƙasa zuwa bakin kogi. Tsohon injin yana can gindin mangwaro an lulluɓe shi da tamfol, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsa, kaza tana kwance a inuwarsa.

Baffa ya taso daga tabarma. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canza ba sai ranar, shi ma na ɗan lokaci ne. Ya gyara hula ya fara gaisuwa, gida, iyali, zafi, hanya. Malam Zadok ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan farantan.

Mai kula da gonar, wani magidanci Najmuddeen, ya zo ya kama mini saukewa. Ya nufi wata bukkar kwano da jarka biyu, ni na bi shi da biyu. Ya tura ƙofa. Jarkoki ne a jere har kusan rufi, kowace da shuɗin fenti a wuya, kowace a cike, ƙura ta kwanta a kan murafen.

Na ce masa, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun bara. Injin ya cije ana tsakiyar ban-ruwa, shinkafa yana ciki kamar yanzu. Kafin a samo makaniki fiye da rabin gonar ya ƙone. Makaniki ya ce man ne ya daskare a ciki. Baffa ya sayar da bijimai ya sa wannan sola. Ya ce duk wanda ya kai maganar Jambutu ya bar masa gona."

Sai da ya gama na lura Malam Zadok yana tsaye a bayanmu da jarka a hannu. Ya shiga, ya nemi wuri a ƙarshen layi, ya ajiye tasa, ya juya ta yadda fentin zai kalli waje kamar sauran.

Muka koma gindin mangwaro. An kawo fura da nono a ƙwarya. Na zaci yanzu ɗayansu zai buɗe baki, ko a yi faɗa ko a yi kuka a wuce wurin. Suka sha fura. Baffa ya dubi kekena, ya dubi hanya, kamar yana jiran wata mota ta biyo baya.

Ya ce, "Malam, ina motar?"

Malam Zadok ya ce, "Yana gareji, Baffa. Ƙaramin gyara."

Baffa ya dube ni. Ni kuwa na dubi kogi. Ludayin yana hannunsa, bai kai baki ba.

Malam Zadok ya nuna tamfol da haɓa ya ce, "Injin fa?"

Baffa ya ce, "Yana hutawa. In hadari ya rufe rana, shi za mu tayar. Man ka yana nan, ba zai ɓaci ba."

"Madalla, Baffa."

"Madalla, Malam."

Na ji tausayinsu, na kuma ji haushinsu su biyun, har furar ta fita a raina. A hanyar dawowa, a kan gada, Malam Zadok ya ce kada in gaya wa Liyatu. Na ce ni direba ne, kaya nake ɗauka, ba magana ba.

Ƙarshen watan, da la'asar, aka dire jarkoki a ƙofar gidan Jambutu, sababbi, ba komai a ciki, kamar yadda aka saba. Ina wanke keke na ga Malam Zadok ya fito. Ya buɗe ɗaya ya shinshina, ya mayar da murfin. Ya tsaya yana kallon duron metanol da ya rage fiye da rabi, a daidai wurin da Starlet take kwana. Can ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin shuɗin fenti.

Ya ce, "Ɗanburam, gobe da safe ka zo mu zaga wajen masu awara."